Babi na Biyu: Ciki Ɗaya, Hali Daban-daban

Me ya sa za a ga yara biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, nono ɗaya suka sha, a tsakar gida ɗaya suka yi rarrafe, amma halinsu ya yi hannun riga? Wannan da baƙo ya yi sallama shi ne farkon tarbarsa, kafin a ankara ya haye cinya yana lalube aljihu. Wancan kuwa yana jin baƙuwar murya sai ya ruga ya ƙanƙame zanen uwarsa, ko alawa aka miƙa masa ba zai karɓa ba. Iyaye mata da yawa kan ce tun ana ciki suka san da bambancin: wani ya yi ta shure-shure dare da rana, wani kuwa sai an natsu kafin a ji motsinsa.

Idan maganar ta taso a zaure ko a gidan suna, amsa biyu ake ji. Wasu su ce hali zanen dutse ne, yadda aka haifi mutum haka zai koma ga Mahaliccinsa. Wasu su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka duk abin da aka gani a jikin yaro aikin masu renonsa ne. Kowane ɓangare yana da hujjar da zai nuna. A wannan babi za mu bi sawun mutanen da suka zauna suka kalli jarirai shekara da shekaru, mu ga abin da suka tarar, da kuma amfanin da mai reno zai ci daga ciki.

Iyaye maza biyu da littafin rubutu

Cikin waɗanda suka fara ɗaukar jariri a matsayin abin nazari akwai Charles Darwin, masanin halittu na ƙasar Ingila. Da aka haifa masa ɗansa na fari, William, a 1839, sai ya buɗe littafi yana rubuta abin da ya gani: ranar da yaron ya fara murmushi, abin da ke firgita shi, yadda yake nuna fushi, da abin da ya yi da ya ga kansa a madubi. Sai a 1877 ya fitar da wannan rubutu a wata mujalla. Bayansa aka yi Jean Piaget na ƙasar Suwizalan, wanda ya sa wa ’ya’yansa uku ido tun suna tsumman goyo. Shi ya nuna cewa ƙaramin jariri idan aka rufe abin wasansa da ƙyalle ba ya nemansa, kamar abin ya bar duniya, sai ya ƙara watanni sannan yake ɗaga ƙyallen ya ɗauko.

Abin da ya fi jan hankalin waɗannan biyu shi ne matakan da kowane yaro yake takawa. Tambayar da ta dame mu, wato abin da ya raba wannan yaro da wancan, ba ta samu mai ita ba tukuna. Hasali ma a farkon ƙarni na 20 ra’ayin da ya yi ƙarfi a Amurka shi ne jariri ba ya zuwa da komai. John Watson, wani babban masanin halayyar ɗan’adam, ya bugi ƙirji a shekarun 1920 cewa a ba shi lafiyayyun jarirai 12 da ikon tsara yadda za a rene su, zai mayar da kowanne abin da ya ga dama, ko likita ko ɓarawo. Wannan ra’ayi ya ɗora wa iyaye mata kaya mai nauyi. Yaro ya cika kuka, laifin uwa. Ya ƙi barci, laifin uwa. Ya ƙi mutane, nan ma laifin uwa. Mu ma mun san wannan hukunci, domin sau nawa ake ce wa mai jego, “Ke kika sangarta shi da ɗauka”?

Ma’auratan da suka ce da sake

Alexander Thomas da matarsa Stella Chess likitocin ƙwaƙwalwa ne a birnin Niyok. A wurin aikinsu suna ganin iyaye masu haƙuri da natsuwa sun zo da yaro mai wuyar sha’ani, su kuma ga gidan da rikici bai ƙare ba amma yaron ya tashi lafiya lau. Abin da aka koya musu a makaranta bai bayyana wannan ba. A 1956 suka fara bin diddigin yara 133 tun suna ’yan watanni biyu zuwa uku, suka ci gaba da binsu fiye da shekara 30, har suka zama magidanta.

Dabararsu mai sauƙi ce. Ba sa tambayar uwa ko ɗanta mai kirki ne ko mai rigima. Sai su ce ta faɗi abin da ya yi. Ranar da aka fara tsoma shi a ruwan wanka, me ya yi? Da aka sa masa sabon abinci a baki, ya haɗiye ko ya tofar? A karo na biyu fa? Ƙarfe nawa ya farka jiya, ƙarfe nawa shekaranjiya? Daga irin waɗannan ƙananan amsoshi suka fitar da abubuwa 9 da jarirai suke bambanta a kansu tun kafin tarbiyya ta yi nisa.

Na farko yawan motsi: akwai jaririn da sai an riƙe shi da kyau kafin a sa masa riga, akwai wanda inda aka kwantar da shi nan za a same shi. Na biyu tsarin lokaci, ko yunwarsa da barcinsa da bayan gidansa suna da sa’a sananniya. Na uku yadda yake tarbar sabon abu, ya miƙa hannu ko ya kau da kai. Na huɗu saurin sabo bayan haɗuwar farko. Na biyar kaifin ji, domin wani ƙarar buɗe ƙofa ta ishe shi farkawa, wani kuwa ana daka a gefensa yana sharar barci. Na shida ƙarfin martani, ko kukansa da dariyarsa na cika gida ne ko na ƙasa-ƙasa. Na bakwai yawan fara’a ko ɓacin rai a yini. Na takwas saurin ɗauke masa hankali daga abin da yake yi. Na tara naci, wato tsawon lokacin da zai ɗauka yana fama da abu ɗaya bai haƙura ba.

Rukuni uku da ragowa

Da suka harhaɗa waɗannan siffofi sai suka ga suna tafiya rukuni-rukuni. Kimanin kashi 40 cikin 100 na yaran masu sauƙin reno ne: cinsu da barcinsu a kan lokaci, suna karɓar sabon abu, fara’arsu ta fi kukansu yawa. Kimanin kashi 10 masu wuyar reno ne: ba a san lokacin yunwarsu ba balle na barci, sabon abu abin faɗa ne, idan suka tsala kuka har maƙwabta sai sun ji. Kimanin kashi 15 kuma masu jinkirin sabo ne. Su ba sa tayar da jijiyar wuya, sai dai su janye jiki a hankali, amma idan aka ba su lokaci sai su saki jiki. Ragowar kashi 35 ba su shiga kowane rukuni ba, sun ɗebo nan sun ɗebo can. Wannan kaɗai ya isa ya hana mu gaggawar liƙa wa yaro suna.

A ɗauki misalin ranar da aka fara ba jariri kunu bayan ya cika wata shida. Mai sauƙin reno zai ɗanɗana, ya yamutsa fuska kaɗan, ya sake buɗe baki. Mai wuyar reno zai ture cokalin, ya banƙare, kunun ya zube a zanen uwar, gobe ma haka, jibi ma haka. Mai jinkirin sabo zai rufe baki ya juya kai ba tare da hayaniya ba, kunun ya dalalo ta gefen leɓe. Idan uwar ta ci gaba da gwadawa kullum ba tare da ɗura ba, wata rana sai ta ga ya haɗiye, bayan ’yan kwanaki kuma shi ne mai kuka idan an ɗauke kofin. Kunu ɗaya ne da hannu ɗaya, bambancin daga yaran yake.

Masu binciken sun ga cewa kusan kashi 70 cikin 100 na masu wuyar reno sun samu matsalar ɗabi’a a ƙuruciya wadda ta kai a nemi taimako, alhali a cikin masu sauƙin reno kashi 18 ne kawai. Amma a lura da ɗaya gefen lissafin. Akwai masu wuyar renon da suka tashi ba wata matsala, akwai kuma masu sauƙin da suka samu tangarɗa. Abin da ya raba su za mu zo kansa.

Gwajin ɗan wata huɗu

A Jami’ar Harvard, Jerome Kagan ya ɗauki siffa ɗaya ya bi ta har gindinta, wato tsoron sabon abu. Daga 1989 shi da abokan aikinsa suka gwada jarirai kusan 500 ’yan wata huɗu. Za a zaunar da jariri a kujerarsa, a kaɗa masa kayan wasa masu launi a gaban ido, a kunna masa muryar da bai sani ba, a kawo auduga mai ƙamshi mai ƙarfi kusa da hancinsa. Kimanin ɗaya cikin biyar sai su sandare, su gantsare baya, su yi ta harba ƙafa da hannu, su fashe da kuka. Kimanin biyu cikin biyar kuwa ko a jikinsu, suna kallo suna gwaranci. Sauran suna tsakani.

Aka sake dawo da yaran suna da wata 14, da wata 21, da kuma shekarun makaranta. Waɗanda suka gantsare suna ’yan wata huɗu su ne suka fi yawa cikin masu maƙale wa uwa idan baƙo ya shigo, da masu tsayawa gefe idan yara na wasa. Kagan ya danganta wannan da wani ɗan sashe a can cikin ƙwaƙwalwa mai suna amigdala, wanda aikinsa shi ne faɗakar da jiki idan an ga abin da ba a saba ba. A wasu mutane wannan sashe yana da saurin tashi. A 2003 aka buga sakamakon hoton ƙwaƙwalwar wasu matasa da aka san halinsu tun suna shekara biyu. Waɗanda suka kasance masu ɗari-ɗari a ƙuruciya, amigdalarsu ta fi motsawa idan aka nuna musu baƙuwar fuska, ko da a zahiri sun daina jin kunyar mutane.

Abin da ya fi muhimmanci a aikin Kagan shi ne yawancin waɗannan jarirai ba su girma sun zama matsorata ba. Da yawa sun koma tsaka-tsaki, suna shiga mutane suna harkokinsu. Sai dai da wuya a samu wanda ya rikiɗe ya zama mai rawar kai da kutsa kai ko’ina. Halin haihuwa yana rage yawan hanyoyin da yaro zai iya bi, amma ba ya zaɓar masa ɗaya. An kuma lura cewa iyayen da suke kare irin wannan yaro daga duk abin da zai tsorata shi, tsoron nasa ƙaruwa yake yi. Waɗanda suke tura shi a hankali, suna tsaye kusa, nasu yaran sun fi sakin jiki.

Gado ne ko reno?

Tagwaye ne suka fi taimakawa wajen amsa wannan. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya kayan gadonsu iri ɗaya ne, waɗanda suka fito daga ƙwai biyu kuwa kamar wa da ƙane suke, sai dai sun zo rana ɗaya. Idan aka auna hali, na ƙwai ɗaya sun fi kama da juna nesa ba kusa ba. A 1979 Thomas Bouchard ya fara nazari a Jami’ar Minnesota a kan tagwayen da aka raba tun suna jarirai, kowanne ya tashi a gida daban, ya tarar halayensu sun yi kusa ƙwarai duk da rabuwar. Idan aka tattara irin waɗannan nazarce-nazarce, gado yana ɗaukar abin da ya kusa rabin bambancin hali da ake gani tsakanin mutane. Ragowar na rayuwa ne.

To in haka ne, me ya sa ’yan gida ɗaya ba sa zama iri ɗaya? Dalili na farko, wa da ƙane rabin kayan gadon da ke bambanta mutane kawai suka haɗa, a matsakaicin lissafi. Na biyu, gida ɗaya ba reno ɗaya ba ne. A al’adarmu ɗan fari uwarsa tana kunyarsa, ba ta kiran sunansa, sau da yawa ma a hannun kaka yake tashi. Auta kuwa ya zo lokacin da iyaye suka huce, ga yayye masu ɗauka ta ko’ina. Wani an haife shi ana cikin wadata, wani a shekarar da kasuwa ta karye. Wani an ba gwaggo riƙonsa bayan yaye. Na uku, yaro da kansa yana juya masu renonsa. Mai fara’a kowa na son ɗaukarsa, sai ya ƙara sabo da mutane. Mai kuka ana saurin mayar wa uwarsa, ita kuma ga gajiya, sai muryarta ta fara tashi. Ana renon yaro, shi ma yana sauya mai renon.

Dacewa

Amsar da Thomas da Chess suka tsaya a kanta ita ce dacewa tsakanin halin yaro da abin da gidansu yake nema a wurinsa. Manomi ya san wannan: shinkafa fadama take so, gero jigawa, kuma ba wanda zai zagi shinkafa don ta ƙi yi a tudu. Hali ɗaya yana iya zama matsala a wani gida, ya zama ba komai a wani.

Su da kansu sun gwada haka. Sun kwatanta yaran bincikensu na farko, ’ya’yan masu wadata, da ’ya’yan ma’aikata ’yan asalin Puerto Rico da ke zaune a birnin. A gidajen masu wadata ana son yaro ya kwanta a kan sa’a, don haka jaririn da barcinsa ba shi da lokaci ya zama abin faɗa kullum dare. A gidajen ’yan Puerto Rico ana barin yaro ya yi barci lokacin da barci ya ɗauke shi, sai wannan hali bai dami kowa ba har ya isa shiga makaranta. Amma su kuma yaro mai ƙiriniya ne ya sha wuya, domin ɗakunan ƙanana ne, kuma ana tsoron barinsa ya fita titi.

Misali mafi tsanani ya fito daga ƙasar Kenya. A 1974, lokacin wani mugun fari, wani likita mai suna Marten deVries ya auna halin jariran Masai, makiyayan shanu, ya ware masu sauƙin reno da masu wuya. Da ya koma bayan ’yan watanni, shanu sun mutu, mutane sun watse. A cikin iyalan da ya iya samowa, yawancin jariran da suka rasu masu sauƙin renon ne. Yaran da ya samu kaɗan ne, ba za a gina doka a kansu ba, amma bayanin da ya bayar yana shiga hankali: a lokacin yunwa, jaririn da ya fi tsala kuka shi ake fi sa wa nono.

Ko zamani ma yana sauya hukuncin. Xinyin Chen ya yi nazarin ’yan firamare a birnin Shanghai na ƙasar Sin. A 1990 yaro mai kunya da kawaici abin so ne wurin malamai da ’yan ajinsu, har shugabanci ake ba shi. Zuwa 2002, bayan tattalin arzikin ƙasar ya koma na gasa da kutsawa, irin wannan yaro ya zama wanda ake ƙi a aji. Wannan ya kamata ya sa mu tunani, mu da muke yabon kunya a gida, sannan mu kai yaro makarantar da ake ba da maki ga mai ɗaga hannu.

Abin da mai reno zai yi

Matakin farko shi ne kallo, irin na Thomas da Chess. Kafin a ce yaro fitinanne ne ko miskili, a lura da abin da yake yi, da lokacin da yake yinsa, da abin da ya faru kafin nan. Sau da yawa za a tarar rigimar tana da sa’a: gab da magariba, ko an dawo daga taron biki, ko an sauya masa wurin kwana.

Mai jinkirin sabo lokaci yake buƙata. Idan kawunsa ya zo daga tafiya, kada a fizge shi daga bayan uwa a dangwara a cinyar baƙo ana cewa, “Kai, ba ka san kawunka ba?” A bar shi ya leƙo daga nesa, kawun ya ci gaba da hirarsa, can za a ga ya matso da kansa yana taɓa hula. Ranar fara Islamiyya ma haka, a raka shi a ɗan zauna, gobe a rage zaman.

Mai wuyar reno tsari yake buƙata da murya ɗaya. Wanka da abinci da kwanciya su zama a kan lokaci gwargwadon hali, a sanar da shi kafin a sauya abu, kuma abin da uwa ta hana kada kaka ta bayar ta bayan fage. Duka da tsawa ƙara masa wuta suke yi, domin martaninsa dama mai ƙarfi ne. Uwar irin wannan yaro tana buƙatar mai karɓarta ta huta. Duk kuma yadda kuka ya kai, ba a jijjiga jariri da ƙarfi, domin hakan yana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa. Yana da kyau a sani cewa kukan jarirai yakan kai ƙololuwa wajen mako na shida, ya ragu sosai zuwa wata uku ko huɗu.

Mai ƙiriniya fili yake buƙata da aike. Shi kuwa mai sauƙin reno haɗarinsa mantuwa ce. Tunda ba ya kuka, sai a bar shi kwance yini guda, a manta cewa shi ma yana son a ɗauke shi a yi masa wasa da magana.

Hali ne ko ciwo?

Hali abu ne da aka saba gani ga yaro yau da gobe. Sauyin da ya zo farat ɗaya ba hali ba ne. Yaro mai kazar-kazar da ya yi laushi, ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi, asibiti za a nufa, domin zazzaɓin cizon sauro ba ya jira. Tamowa da ƙarancin jini suna sa yaro ya yi shiru ya daina wasa, a yi ta yabonsa da haƙuri alhali jikinsa ne ba ƙarfi. Yaron da ba ya juyowa idan an kira shi, ko ya wuce shekara biyu bai fara haɗa kalmomi ba, a duba kunnensa da ci gabansa kafin a ce taurin kai ne ko miskilanci.

Duk abin da muka faɗa a kan dacewa ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya ko biyu da jariri ya fi sani, waɗanda yake neman ƙirjinsu idan ya firgita. Wajen wata bakwai zuwa tara yawancin jarirai suke fara ƙiwa, har mai fara’ar cikinsu, kuma wannan alama ce ta cewa sun ware nasu daga sauran jama’a. Yaya wannan shaƙuwa take ƙulluwa? Me goyo da kwana tare suke ƙara mata, kuma me ke faruwa da ita ranar da aka kai yaro gidan kaka yaye? Babi na gaba zai ɗauke mu zuwa ƙauyukan da ke kewayen Kampala ta ƙasar Yuganda, inda Mary Ainsworth ta zauna da iyaye mata a shekarun 1950 tana neman amsar waɗannan tambayoyi.